Yadda Kumfa Mai Cin Ƙarfe Ta Koma Mai Wankin Ƙarfe

Babu injin zamani da ake haɗawa ba a wanke sassansa ba. Ƙarfen da aka sassaƙa ko aka huda yakan fito da maiƙo da ɓurɓushi maƙale a lungunansa. Kafin a yi masa fenti sai an wanke shi, kafin a auna shi ko a ɗaura shi a mazauninsa sai an sake wankewa. A masana'antun motoci da jiragen sama da kayan tiyata, mafi wuyar wannan wanki ya daɗe da fita daga hannun mai buroshi da tsumma. Akan jera sassan cikin kwandon waya, a nutsa su a tankin ruwan ɗumi, a danna maɓalli. Ido ba ya ganin komai sai ɗan motsi a saman ruwan, kunne ba ya jin komai sai wata siririyar ƙara. Bayan 'yan mintoci ruwan ya gurɓace, ƙarfen ya fito fes, har cikin ƙofofin da allura ba ta shiga.

Sauti ke wannan aiki, sautin da ya wuce jin kunnen ɗan Adam, wanda ake kira altirasonik. Kunnenmu yana kama kaɗawar da ba ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa ba, tankin wanki kuwa daga nan yake farawa ya yi sama. Sautin yana cika ruwan da miliyoyin ƙananan kumfa, su kuma suna rugujewa a jikin ƙarfen suna ɓamɓare datti. Wannan kumfa annoba ce tun asali. Fiye da shekara 50 injiniyoyi suka yi suna nazarinta don su kawar da ita, kuma ilimin da suka tara a wannan yaƙin shi ne ya ba na bayansu damar sa mata linzami.

Jirgin da ya ƙi gudu

A 1894 kamfanin Thornycroft na Ingila ya fitar da sabon jirgin yaƙi mai suna Daring domin gwaji. Lissafin maƙeransa ya nuna zai yi kusan kilomita 50 a sa'a, amma da aka sa shi a ruwa sai ya cije a wajen 44. Injin lafiya lau, farfela na juyawa, jirgi ya ƙi ƙara sauri. John Thornycroft da injiniyansa Sydney Barnaby suka yi ta sauya farfela har suka gano bakin zaren. Idan fiffiken farfela ya yanki ruwa da tsananin sauri, ruwan da ke bayansa ba ya iya bin sa, sai ya tsage ya bar gurbi, farfelar ta koma juyawa cikin kumfa maimakon ta tura ruwa. Da suka faɗaɗa fikafikan, jirgin ya wuce gudun da aka yi alkawari. A rahotonsu na 1895 abin ya sami sunan da yake amsawa har yau, kabiteshan.

Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne saboda nauyin iskar da ke danne shi. A rage dannin, sai ya tafasa tun bai kai haka ba. A rage shi ƙwarai, sai ya zama tururi da sanyinsa. A bayan fiffiken farfela mai gudu matsi yakan faɗi har kumfar tururi ta tashi. Da ta gusa zuwa inda matsin ya dawo daidai, sai ruwan kewaye ya rufta mata gaba ɗaya.

Wani injiniya, Charles Parsons, ma ya yi fama da wannan a ɗan jirginsa Turbinia. A 1895 ya ƙera ƙaramin akwatin gwaji mai taga don ya ga kumfar da idonsa, daga nan ya raba aikin ga farfela tara a kan sanduna uku. A 1897 jirgin ya haura kilomita 60 a sa'a, gudun da babu jirgin da ya kai a lokacin.

Matsalar gudu ta lafa, sai wata ta ɓullo. Farfelun manyan jirage, waɗanda aka zuba da tagulla mai ƙarfi, suna dawowa daga tafiya a cinye, duk sun yi rami-rami. Wasu suka ɗora laifin a kan gishirin teku. Binciken da Parsons ya shiga a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karkata ga cewa dukan kumfa ne ke cin tagullar, a 1917 kuma masanin kimiyya Lord Rayleigh ya kawo lissafin da ya ƙarfafa hakan. Ya fara takardarsa da ambaton ƙarar da buta ke yi gab da tafasa, sannan ya nuna cewa idan gurbi yana rufewa a cikin ruwa, bangonsa yana ƙara sauri yayin da yake ƙanƙancewa, har matsin da ke taruwa a ɗan wurin ya ninka na iskar duniya fiye da sau dubu. Kumfa ɗaya ba ta komai. In miliyoyi suka yi ta sara a wuri guda dare da rana, tagulla ma sai ta sallama.

Dutsen da ke kaɗawa

Ta wata hanyar daban aka samo abin da zai haifar da kumfar ba tare da farfela ba. A 1880, a birnin Faris, 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse wasu duwatsu masu ƙyalli, irin su kwaz, sukan fitar da lantarki. A shekarar da ta biyo suka tabbatar da hasashen Gabriel Lippmann cewa abin yana aiki ta baya: a sa wa dutsen lantarki, sai ya ɗan miƙe ko ya ɗan tsuke. Motsin ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa, amma idan lantarkin yana juyawa sau dubbai a daƙiƙa, dutsen ma sau dubbai zai kaɗa.

Masifa biyu suka fito da wannan sani daga ɗakin gwaji. Ta farko nutsewar Titanic a 1912, ta biyu jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus a yaƙin da ya biyo baya. Paul Langevin, almajirin Pierre Curie, tare da injiniya ɗan Rasha Constantin Chilowsky, suka duƙufa neman hanyar aika sauti cikin teku a saurari amsa-kuwwarsa. Langevin ya manne siraran yankan kwaz tsakanin faranti biyu na ƙarfe, kuma zuwa 1918, a tashar jiragen ruwa ta Toulon, ya iya jin amsa-kuwwar jirgin ƙarƙashin ruwa. An lura da wani abu a gefe: ƙananan kifayen da suka gifta ta gaban na'urar sukan taso matattu, wanda ya tsoma hannu a ruwan kuwa sai ya ji zogi mai tsanani. Ashe sauti yana iya taɓa abu ya yi masa illa. Tsarin nan na Langevin, abu mai kaɗawa a matse tsakanin ƙarfe biyu, shi ne har yau ake liƙawa a gindin tankunan wanki, kuma da sunansa ake kiransa.

Cikin waɗanda suka ga kifayen Toulon akwai Robert Wood, masanin kimiyya ɗan Amurka, kuma abin bai fita ransa ba. Bayan yaƙi ya haɗa gwiwa da Alfred Loomis, attajirin harkar banki da ya gina ɗakin gwaji na kansa a Tuxedo Park, kusa da birnin Niyok. Suka nutsa faifan kwaz cikin mai, suka ɗura masa lantarki mai ƙarfin gaske, a 1927 suka wallafa abin da suka gani. Man ya tashi ya yi tudu a saman faifan yana feshi. Ruwa da mai, waɗanda ba sa ga-maciji da juna, suka gauraye. Ƙananan kifaye da kwaɗi suka mutu, ƙwayoyin jini suka farfashe. A shekarar kuma Loomis da William Richards suka nuna cewa sautin yana korar iskar da ta narke a cikin ruwa.

Duk wanda ya karanta wannan jerin da idon bakanike zai hango wanki a ciki, tunda ga abin da ke haɗa mai da ruwa, ya kuma yayyaga abin da ya taɓa. Amma kwaz mai kyau yana da tsada, sai an yanka shi da ƙwarewa, kuma yana buƙatar lantarki na dubban bolt. Ba kayan da za a ajiye a masana'anta ba ne.

Tangaran ya maye gurbin dutse

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawar da wannan shinge. Masu bincike a Amurka da Japan da Tarayyar Sobiyet, kowa ba da sanin ɗan'uwansa ba, suka faɗa kan wani irin tangaran mai suna bariyam taitanet. Gari ne da ake cuɗawa, a ba shi siffar da ake so, a gasa a wuta. Jim kaɗan bayan yaƙin aka gano cewa in an ratsa shi da lantarki mai ƙarfi sau ɗaya, sai ya ɗauki halin kwaz har ya fi shi motsi. A 1952 masana a Tokiyo suka ba da rahoton wani tangaran ɗin, haɗin darma da zakoniyam da taitaniyam, a 1954 kuma Bernard Jaffe da abokan aikinsa a Amurka suka nuna ƙarfin kaɗawarsa. Shi ne PZT, wanda ya fi na farkon jure zafi, kuma shi ke cikin mafi yawan tankunan yau.

Kayan aiki ya samu a daidai lokacin da buƙata ta tsananta. Shekarun 1950 zamani ne na injin jet, da na'urorin saita alƙiblar jirgi masu ƙananan boris, da bawul ɗin haidurolik. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta tsayar da irin waɗannan kaya, kuma suna da lungunan da babu buroshin da zai kai. Norman Branson, wanda ya kafa kamfaninsa a Danbury ta jihar Connecticut a 1946 yana ƙera na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti, ya buɗe reshen kayan wanki a 1953. Wasu kamfanoni a Amurka da Turai da Japan suka shiga harkar. Da taransisto ya maye gurbin manyan kwalaben lantarki masu zafi a shekarun 1960, akwatin da ke ba tankin wuta ya ƙanƙance, ya yi araha, ya daina yawan mutuwa. Wajen 1970 har an fara sayar da ƙanana na gida.

Abin da ke faruwa a cikin tanki

Tankin yau kashi uku ne. Akwai akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarkin gari mai juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa ya mayar da shi mai juyawa sau 25,000 ko 40,000 ko fiye. Akwai na'urorin kaɗawa da aka jera a gindi ko a gefe. Sai tankin kansa, na ƙarfe mara tsatsa. Gindinsa yana aiki kamar fatar ganga: ana kaɗa shi daga waje, shi kuma yana tura ruwan yana janyewa. A kowace turawa ruwan yana matsuwa, a kowace janyewa yana saki. Lokacin sakin ne kumfa ke tsirowa, kuma ta fi son inda ta sami ɗan gurbin iska, a cikin tsaga ko a jikin ƙwayar datti, wato daidai inda ake buƙatarta. Sai ta yi ta girma kaɗan-kaɗan, har wata matsa ta zo ta ruguza ta.

Rayleigh ya yi lissafinsa ne a kan kumfar da ke rugujewa a dunƙule. A 1944 Kornfeld da Suvorov a Tarayyar Sobiyet suka kawo ra'ayin cewa ba kullum take yin haka ba, a 1961 kuma Naudé da Ellis suka ɗauki hoton abin da kyamara mai tsananin sauri a Kalifoniya. Kumfar da ke kusa da ƙarfe ba ta samun ruwa daidai ta kowane gefe, domin ƙarfen ya tare gefe ɗaya. Sai samanta ya lotsa ciki, wani siririn tsinken ruwa ya huda ta, ya soki ƙarfen da gudun wajen mita 100 a daƙiƙa, wato kilomita 360 a sa'a. Wannan sara, da girgizar da ke bin bayansa, da juyin ruwan da ke kewaye kowace kumfa, su ke ɗaga datti, su kuma kawo sabon ruwan sabulu inda tsohon ya gaji. Daga baya Kenneth Suslick na Jami'ar Illinois da abokan aikinsa suka auna zafin cikin kumfar yayin rugujewarta, suka same shi wajen digiri 5,000, kusa da zafin fuskar rana. Wurin dai ƙanƙane ne, lokacin kuma bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, shi ya sa tankin ba ya tafasa, sai dai ya riƙa ɗumama a hankali.

Abin da ya raba wanki da ɓarna shi ne gwargwado, kuma koyon gwargwadon nan ya cinye shekarun da suka biyo baya. Idan kaɗawar ta yi ƙasa, wajen sau 25,000, kumfar takan yi girma, saranta ya yi nauyi. Ita ce ta kan silinda da manyan giya da suka sha baƙin mai da gawayi. Sau 40,000 ita ce tsaka-tsaki, ta kafireta da nozul da boris. Daga 80,000 zuwa sama kumfar takan yi ƙanana, ta yi yawa, ta yi laushi, ta dace da gilashin kyamara da kayan lantarki. A manta da alminiyam mai sheƙi a tankin 25,000, sai ya fito da tabo. Gindin tankin ma, bayan shekaru, yakan cinye.

An kuma gano cewa sautin da ya doki saman ruwa yana dawowa ya haɗu da mai tasowa, sai tankin ya kasu layi-layi, wani wuri da ƙarfi, wani wuri shiru. Maganinsa shi ne akwatin wuta ya riƙa ɗan sassauya saurin kaɗawar don layukan su riƙa gusawa. Sabon ruwan famfo cike yake da narkakkiyar iska mai rage wa kumfar ƙarfi, don haka sai an bar tankin ya yi aiki 'yan mintoci babu kaya. Zafi tsakanin digiri 50 da 65 ya fi dacewa ga yawancin aiki. In ruwan ya doshi tafasa, tururi ya cika kumfar, saranta ya mutu. Ba a ajiye kaya a gindin tanki, domin yana danne kaɗawar. Ramin da iska ta maƙale a ciki ba ya wankuwa sai an juya shi ruwa ya shiga. Don sanin lafiyar tanki, ma'aikata sukan tsoma takardar alminiyam irin ta naɗe abinci na ɗan lokaci. In ta fito da huji da tabo ko'ina daidai, tanki na aiki; inda ta fito sumul, nan sauti bai kai ba.

Ranar da sinadari ya sauka daga kujera

A 1959 Herbert Sinner, masanin sinadarai a kamfanin Henkel na Jamus, ya tsara ƙa'idar da ta shafi kowane irin wanki: abu huɗu ke aiki tare, sinadari da zafi da lokaci da guga, in aka rage ɗaya dole a ƙara wani. A wancan zamani sinadari ne sarki. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ake narkar da maiƙo da tururin tirakuloro-etilin. Daga baya aka sami CFC-113, ruwa garau wanda ba ya kama wuta, yana kuma bushewa nan take bai bar tabo ba. Masana'antun lantarki da na jiragen sama suka rungume shi, hukumar NASA ma da shi take wanke bututun iskar oksijin na rokokinta, inda ɗan maiƙo kaɗan ke iya tayar da gobara. Tankin sauti a lokacin mataimaki ne kawai.

Zuma dai ga zaƙi ga harbi. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa sinadaran CFC suna tashi sama su cinye iskar ozon da ke kare duniya daga mugun hasken rana. A 1985 masu binciken Birtaniya a Antatika suka ba da rahoton cewa ozon ɗin can ya ragu ƙwarai. A 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal, CFC-113 na cikin jerin farko. Taron Landan na 1990 ya ƙara da tirakuloro-etan, wani babban sinadarin wankin ƙarfe, taron 1992 kuma ya matso da wa'adi, aka ce ƙasashe masu arzikin masana'antu su daina su zuwa 1996. Ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Nijar, an ba su har 2010 su rabu da CFC. Tirakuloro-etilin ma bai tsira ba, domin a 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

Masana'antu da dama suka wayi gari dole su koma ruwa da sabulu. Ruwa kuwa ba ya narkar da mai yadda waɗancan ke yi, ba ya kutsawa cikin tsaga da sauƙi, yana kuma kawo tsatsa in ba a busar da wuri ba. Sinadari ya ragu, dole a ƙara guga, kuma babu gugar da ke shiga rami mai kwana kamar ta kumfa. A nan tankin sauti ya tashi daga mataimaki ya zama jigo. Aka shiga gina jerin tankuna, na wanki, na ɗauraya, na ɗauraya ta biyu da tataccen ruwa, na maganin tsatsa, sai wurin busarwa, ƙugiya mai sarrafa kanta tana ɗaukar kwando daga wannan zuwa wancan. Wannan shi ne babi mafi daraja a tarihin duka. Dokar da aka yi don kare sararin sama ta tilasta wa masana'antu barin hanya mai sauƙi, kuma da aka matsa musu sai suka samo wadda ta fi aminci ga huhun ma'aikacin da ke tsaye a bakin tanki.

Tsafta ta zama abin awo

Ana cikin haka injuna suka ƙara tsananta sharuɗɗansu. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya fitar da sabon tsarin fesa man dizal mai bututu guda ga manyan motoci, a 1997 kuma irinsa, wanda Fiat ya tsara Bosch ya ƙera, ya fito a ƙaramar mota Alfa Romeo 156. Matsin man a tsarin Bosch na farko ya ninka na iskar duniya fiye da sau 1,300, na yanzu ya haura 2,000. Tazarar da ke tsakanin allurar nozul da gidanta 'yan maikiron ne, alhali maikiron 1,000 ke yin milimita ɗaya. Ɓurɓushin ƙarfe ɗaya da ya tsere wa mai wanki ya isa ya kashe injekta, don haka kallon ido ya daina zama shaida. Masana'antun motocin Jamus suka fitar da ƙa'idar VDA 19 a 2004, ta duniya mai lamba ISO 16232 ta biyo baya a 2007. Yanzu akan ɗauki samfurin kayan da aka wanke, a sake ɗauraye shi a ɗakin gwaji, a tace ruwan, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A ɗaya ƙarshen kuma, saran kumfar tanki ya yi wa faifan silikon na ƙwaƙwalwar kwamfuta nauyi. A shekarun 1970 injiniyoyin kamfanin RCA a Amurka suka haura da kaɗawar zuwa kusan sau miliyan a daƙiƙa, inda ruwan ke shafar fuskar faifan yana kwashe ƙurar da ba ta kai maikiron ɗaya ba. A yau fasahar ta miƙe daga wannan faifai har zuwa tankuna masu tsawon mitoci da ake nutsa bututun matatar mai a ciki.

A garejinmu

Fasahar ta iso mu, ko da ba a yi shelarta ba. Ƙaramin tankin yana kan teburin wasu masu gyaran waya, yana kuma cikin na'urar wankin injekta a garejin da suka ɗan ci gaba. Dalilan buƙatarsa a ƙasar Hausa a fili suke: ƙurar hunturu, da man da ba kullum yake da tsabta ba, da janareto da injin ban-ruwa da manyan motoci da abincin mutane ya rataya a kansu. Amma har yanzu a gareji da yawa fetur ko kananzir ake zubawa a kwano, yaron shago ya tsoma hannu yana guga da tsohon buroshi yana shaƙar tururin, in an gama a watsar a kwata. Wannan hanya ta yi wa tsofaffin injuna aiki, amma ba ta kai cikin nozul na zamani, kuma fata da huhun yaran ke biyan kuɗinta.

Sayen tanki kaɗai ba zai gyara wannan ba, domin amfanin na'urar yana ga wanda ya san gwargwadonta. Wanda ya zuba fetur a tankin da ke ɗumama, gobara ya gayyato. Wanda ya sa sabulu mai kaifin soda ga kafiretar alminiyam zai fito da ita baƙa a cinye. Giris mai kauri sai an fara kankare shi da hannu, domin abu mai laushi yana shanye sauti. Wanki ba ya mayar da ƙarfen da ya suɗe. Nozul ɗin da ta cinye sai sauyi. Ruwan da aka gama wanki da shi kuwa yana ɗauke da mai da ɓurɓushin ƙarfe, dole a yaɗe man a tara shi, kada ya bi kwata ya gangara rijiyar unguwa.

Waɗannan darussa ba su fi ƙarfin kowa ba. Kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a suna iya koyar da su, ƙungiyoyin kanikawa ma suna iya shirya wa 'ya'yansu bita da Hausa, a gaban tanki na gaske. Gareji biyar ko goma na iya haɗa kuɗi su sayi tanki ɗaya mai kyau su riƙa karɓa-karɓa. Injunan da ke shigo mana kullum ƙara matsewa suke, kuma bakaniken da zai ci abinci da su nan gaba shi ne wanda ya ɗauki wanki a matsayin sashe na gyara, ya koye shi da gaske yadda ya koyi ɗaurin ringi da saitin bawul.